Ranar da Matan Zumunta Suka Shiga Filin Gudu

Duk mai sammako a Kagoro ya san Doreen, 'yar Ezekiyel mai citta. Kafin masu ƙosai su hura wuta ta riga ta haura dutse ta sauko, ta miƙe hanyar Kafanchan da gudu, doguwa siririya, kai a aske. Da farko 'yan acaɓa kan tsaya su tambaye ta ko lafiya, wa ya biyo ta. Daga baya suka saba. Sai dai wani ya danna mata hon ya ce, "Jirgin ƙasa, a gaida mutanen tasha."

Gudun nan ba wani ya koya mata ba. Kakarta na da gona a kan dutse, uwarta Lucia kuwa ba ta yarda a kai wa tsohuwa abinci da sanyi. In ta zuba tuwon acca a kwano ta ɗaure da ɗankwali, sai ta ce, "In Kaka ta ce min ya huce, ni da ke ne." Haka yarinya ta girma tana tsere da tururin tuwo. Malam Patrick, mai koyar da motsa jiki a sakandarensu, shi ya fara lura cewa in aka sa yara zagaya fili kowa kan zube yana neman ruwa, ita kuwa tana tsaye tana tambaya ko shi ke nan. Ya nemo mata takalmin gudu a gwanjo, ya rataya usur a wuya, ya zama kocinta ba tare da kowa ya naɗa shi ba.

Sai ga abin alheri biyu sun zo mata a wata guda, kuma suka ƙi zama wuri ɗaya.

Na farko jami'a. Sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga, a na biyun sunanta ya fito a Zariya, karatun noma. Da aka gaya wa Ezekiyel ya ce, "Noma? Sai an je Zariya? Ga fartanya can a bayan ƙofa." Amma kafin rana ta faɗi ya yanka zakaran da ya fi kowane girma a gidan. Lucia kuwa, wadda aka cire daga makaranta tun tana firamare, ta riga ta zaɓi inda za a rataya hoton: bangon falo, kusa da kalandar ikkilisiya, 'yarta cikin babbar riga da hular nan mai kusurwa huɗu.

Na biyu Malam Patrick ya kawo shi a kan mashin ɗinsa. Akwai wani sansani a Jos da ake tara masu gudun dogon zango, a ciyar da su, a horar da su, a kai su gasar ƙasa. Wata Madam Mildred, wadda ita ma ta yi gudu a zamaninta, za ta zo Kafanchan ran Asabar ta kalli tsere, ta ɗauki 'yan mata biyun da suka zo gaba. Ran Litinin ake buɗe sansanin. A makon buɗewar kuma ake rufe rajista a Zariya.

"Ba za a haɗa su ba?" in ji Lucia.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Patrick. "Wannan safe da yamma ne, kullum. Jami'a kuma wataƙila su ajiye mata gurbinta zuwa baɗi, wataƙila su ba wani. Ban sani ba."

"In ƙafa ta karye fa?"

"Ta karye, Mama."

"To, ka ji da bakinka."

"Amma shekarun gudu kaɗan ne. Karatu zai jira ta."

"Ni ma haka aka ce min," in ji Lucia. "Ga shi can har yau yana jirana."

Doreen na zaune a kan turmi tana jin su. Gaskiyar magana ita kanta ba ta san abin da take so ba, ko kuma ta sani tana tsoron dubansa. In ka tambaye ta da safe, tana saukowa daga dutse iska na dukan fuskarta, za ta ce Jos. In ka tambaye ta da yamma, ta ga uwarta na goge wurin nan na bango da tsumma, za ta ce Zariya. Abinci ma ya daina shiga.

Ran Laraba ta samo mafita, ta kawo musu tana murna. "Mu bar wa Ubangiji. In na zo ta ɗaya ko ta biyu, Jos. In ban zo ba, Zariya. Ba mai cewa komai."

Mutanenmu sun iya wannan dabara. In zaɓi ya yi wa mutum nauyi sai ya miƙa wa Allah, ba don bangaskiya ta yi masa yawa ba, don kada gobe a ce shi ya yi. Ezekiyel ya gane, ya yi murmushi ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Lucia kuwa ta yarda nan take, don ta ji labarin 'yan matan Filato da za su zo, an ce cinyoyinsu kamar taɓarya.

Ran Alhamis ake taron zumuntar mata. Lucia ta manta tulunta na kiɗa a gida, Doreen ta bi ta da shi coci, ta isa daidai lokacin karɓar roƙon addu'a. Sai ta tsaya a bakin taga.

Mama Damaris, Uwar Zumunta, mace mai murya da ba ta buƙatar lasifika, ta ce, "Maman Doreen, mun ji. To me za mu roƙa? Ta ci, ko ta faɗi?"

"A'a, kada ta faɗi. 'Yata ce."

"To ta ci ke nan."

"In ta ci ai ta tafi Jos."

"Lucia, ki tsaya wuri ɗaya. Ubangiji ba ya son addu'a mai baki biyu."

Lucia ta gyara ɗaurin kai. "Ku roƙa ta zo ta uku."

Coci ya ɗauki dariya, har wata tsohuwa ta ƙware. Mama Damaris ta share hawaye ta ce tun da ta karɓi zumunta ba a taɓa kawo mata irin wannan ba, amma za a kai shi yadda aka kawo. Aka durƙusa aka roƙa. Da aka ce amin ta ƙara da cewa 'yar zumunta ba za ta yi tsere ita kaɗai kamar marainiya ba, ran Asabar kowacce ta ɗaura zanin zumunta, a zo da tulu da caki.

Doreen ta ajiye tulun a bakin ƙofa ta koma gida, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Ran Asabar fili ya cika. An ja layuka da farar ƙasa, an ɗaura igiya don tare 'yan kallo, masu rake da masu ruwan leda na yawo. Matan zumunta suka sauko daga bas biyu, zani iri ɗaya, suka kama wuri mafi kyau, daidai layin gamawa. Ba wanda ya yi musu gardama. Wa zai yi gardama da Mama Damaris?

Yanzu ga inda matsalar take. Matan nan sun san tsere, amma tseren makaranta suka sani. Yara su tashi daga can gefe, su shawo kwana, wanda ya fara taka layi ya ci. A nan wajenmu kuma uwa ba ta tsayawa jiran alƙali: da ɗanta ya taka layi za ta faɗa fili, ta share masa fuska da hankici, ta yafa masa zani, a shafe shi da hoda, a yi guɗa. Haka ake yi tun muna yara. Tseren Doreen kuwa na mita dubu biyar ne, zagaye goma sha biyu da rabi, kuma da rabin nan ake farawa. Wato daga can gefe ake tashi, a shawo kwana, a wuce ta kan layin gamawa, sannan a soma ƙirga. Patrick bai ga dalilin yi musu bayani ba. Lucia kuwa ba ta taɓa tambayar 'yarta tsawon abin da take gudu ba.

Patrick ya ja Doreen gefe. "Kada ki fita gaba da wuri. Ki laɓe a bayan 'yan Filaton nan, ki bar su su sha iska. Sai can ƙarshe."

"Na ji, Koci."

Ta ji ɗin. Amma da aka busa usur, tulu ya ɗauka daga can, caki ya amsa, mata suka rera waƙar da aka yi ta goyon ta da ita, sai ƙafafunta suka manta da Koci. Ta fita gaba. Ta shawo kwana ita kaɗai, sauran na biye, ta taka layi.

Mama Damaris ta saki guɗa.

Wadda ta fara tsallake igiya Lucia ce, mai roƙon ta uku. Ta manta da Zariya, ta manta da bango, ta kwance mayafinta a guje ta cafke 'yarta ta baya, ta naɗe ta kamar za ta goya ta. Sauran suka rufa. Wannan na share mata fuska, wannan na zazzaga mata hoda a ka da wuya, wata ta shimfiɗa zani a ƙasa don ta taka. 'Yan matan da ke biye suka riƙa kaucewa kamar masu kauce wa shanu a hanya, suka wuce abinsu.

"Mama, ku sake ni, ba a gama ba."

Wa zai ji? Tulu na tashi.

"Mama, ba a gama ba!"

Ta hango bayan 'yan matan suna nisa, suna shan kwana ta gaba. Wani abu ya taso mata daga ciki wanda ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Ba ta tuna da yarjejeniya ba, ba ta tuna cewa wannan ma hanya ce mai sauƙi ta zuwa Zariya ba tare da laifin kowa ba. Abin da ta sani kawai, ana tsere babu ita. Ta sunkuya, ta dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, ta fizga. Mayafi ya yage gida biyu, Lucia ta koma da baya ta zauna a kan Mama Damaris. Doreen ta fita ta tsakanin mata biyu, fuska fari fat, hoda na tashi a bayanta kamar hayaƙin tsohuwar mota.

Patrick ya iso yana busa usur yana kora su da hannu biyu. "Iyayena, ku fita, don Allah ku fita. Saura goma sha biyu."

"Goma sha biyun me?" in ji Mama Damaris daga ƙasa.

"Zagaye, Mama."

"Wane mugu ya shirya wannan?"

Suka koma bayan igiya a sanyaye, ba mai duban 'yar'uwarta. Fili kuwa dariya ake har da masu riƙe ciki.

Doreen ba ta ji dariyar ba. Kusan rabin fili ke tsakaninta da ta ƙarshe. Ta daidaita numfashi kamar yadda take yi a hawan dutse, ta sa ido a kan rigar da ke gabanta, ta bi ta har ta kama, ta sa ido a ta gaba. Gumi ya kwaɓa hodar ta zama kamar kunu tana gangaro mata a wuya. Tun ana dariya har aka daina. Wani ɗan acaɓa ya hau kan mashin ɗinsa ya tsaya yana kiran jirgin ƙasa, sauran suka ɗauka. Can tulu ya dawo a hankali, da kunya-kunya, sannan ya buɗe. Duk sanda ta zo wucewa sai ta ji muryar uwarta ta fi ta kowa, kuma ba "ta uku" take cewa ba.

A zagayen ƙarshe saura 'yan Filato biyu a gabanta. Ta matso har tana jin numfashin ta biyun. Layi ya riga ta. Ta zo ta uku.

Wannan karon ba wadda ta motsa. Sai da Mama Damaris ta leƙa ta tambayi Patrick, "Ɗana, yanzu an gama?" Ya ce an gama. Sannan ta juya ga Lucia. "Maman Doreen, ba ta uku kika roƙa ba? Ga shi nan. Ubangiji ya amsa, kuma da mu ya yi amfani."

Lucia ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da hannunta na dama, tana kallon 'yarta da ke durƙushe tana haki.

Wata gajeriyar mace mai hular rana ta ratso jama'a. Ita ce Madam Mildred. "Wace ce uwar yarinyar nan?"

Lucia ta ɗaga hannun hagu kamar 'yar aji. "Madam, ki yafe mana. Ba mu sani ba."

"Mama, na je gasa wurare da yawa. Na ga kare ya shiga fili, na ga ruwa ya kori alƙalai. Yau na fara ganin an yi wa mai gudu kwalliya a tsakiyar tsere." Ta dubi Doreen. "Tashi tsaye, kada ki durƙusa, ƙafa za ta ɗaure. Biyu aka ce in ɗauka, na kuma ɗauka. Amma abin da na ga kin yi bayan an sake ki, shi na zo nema. Ki same ni Jos ran Litinin, zan sa a ƙara katifa. Ban yi miki alkawarin komai ba. In kin yi wasa zan maido ki gida, ko da Mama za ta zo da rundunarta."

Patrick ya yi tsalle kamar yaro. Doreen kuwa ta juya ta dubi uwarta. Abin da ta miƙa wa Allah ran Laraba, ga shi an dawo mata da shi a hannu.

Ran Lahadi bayan sujada suka zauna a tsakar gida suna tsaga citta don shanya. Doreen ke riƙe da wuƙa, don yatsun Lucia biyu sun kumbura, sai dai ta riƙa baza wadda aka tsaga a kan tabarma da hagu. Ezekiyel na gefe yana ɗinke buhu, yana yi kamar ba ya ji.

"Na zo ta uku," in ji Doreen, idonta a kan wuƙa. "Yarjejeniya ta ce Zariya. Zan shirya kayana."

"Ban tambayi yarjejeniya ba." Lucia ta miƙo mata hannun. "Dubi nan."

"Ki yafe ni, Mama. Ban san na ji miki ciwo ba."

"Ba shi nake nufi ba. Tun ranar da aka haife ki nake riƙe ki. Na riƙe ki an yi miki allura, na riƙe ki ranar da kika ga maciji a ɗakin girki. Ba ki taɓa fizgewa daga hannuna ba. Jiya kamar saniya na kama." Ta juya wata citta da yatsa. "Ki cire ni a ciki. Ki cire Koci, ki cire bangon can. Ina za ki?"

Doreen ta buɗe baki za ta ce duk inda suka ce. Ta rufe. Ta tsaga citta ɗaya, ta tsaga ta biyu.

"Jos," ta ce.

"Ban ji ba."

"Jos, Mama. In gurbin ya tafi zan sake rubuta jarrabawa, ko sau nawa ne. Amma in ban je Jos ba, zan zauna a aji ina jin kamar ana tsere a waje."

Lucia ta baza wata citta a kan tabarma. Idonta ya kawo ruwa, ta ce yajin citta ne, ko da yake ba ita ke yanka ba. "To. Gobe Koci ya kama hanyar Zariya ya roƙe su su ajiye miki wuri. Shi ya jawo, shi zai sha rana. In sun ƙi, sun ƙi. Amma littattafanki za su bi ki Jos, ba za a bar min su a nan ɓera ya yi digiri da su ba."

"Ni dai," in ji Ezekiyel, bai ɗago ba, "in nomar ce, duk ranar da kika dawo zan koya miki. Ba rajista."

Da safiyar Litinin suka je tashar Kafanchan. Motar Jos ta kusa cika, saura kujerar can baya, inda ake cusa mutum gwiwa a haɓa. A gaba wani mutum mai tumbi ya riga ya baje, jaka a cinya. Lucia ta zagaya ta ƙwanƙwasa gilashinsa.

"Ɗan'uwana, ina kwana. Ka taimaka ka koma baya."

"Hajiya, ni na riga zuwa."

"Ba Hajiya ba ce, Maman Doreen ce. Ka dubi ƙafafun yarinyar nan. Aiki za su je yi. Kai naka me za su yi in ka isa?"

Mutumin ya leƙo ya dubi Doreen, wadda ke neman inda za ta ɓuya don kunya. Direba ya zagayo yana goge hannu da tsumma, ya ƙura mata ido, ya fashe da dariya. "Oga, ka sauka kawai. Wannan ce ta shekaranjiya. Ka bar matar nan, ba ita kaɗai ba ce, suna da yawa."

Mai tumbi ya sauko yana gunaguni. Lucia ta tura kujerar gaban zuwa baya iyakarta, ta sa 'yarta ta zauna ta miƙe ƙafa, ta duba da kyau ta ga gwiwa ba ta taɓa komai ba, sannan ta rufe ƙofar da hannun hagu.